Leda ko kwandon kaba: yadda ake lissafin ɓarnar kaya daga zanen goyo zuwa likkafani

Tambaya daga wata Hajiya mai jagorantar mata masu saƙar kaba a nan Damagaram: "Muna saƙa kwanduna da sanho, muna gaya wa mutane su rage leda. Sai ɗan ƙanena da ke jami'a ya nuna mini a salula wai Turawa sun yi bincike, sun gano leda ta fi jakar auduga sauƙin ɓarna, sai an je kasuwa da jakar sau ɗari da wani abu kafin ta kamo leda. Gaskiya ne? Ta yaya ake auna irin wannan? Ko mu ne muke gaya wa mutane abin da ba haka ba?"

Hajiya, ranki ya daɗe. Allah ya sa albarka a ƙungiyarku, ya bar hannuwan nan suna saƙa. Na karanta tambayarki sau biyu, domin na ji a cikinta damuwar mai gudun ta ɓatar da mutanen da suka amince da ita, kuma irin wannan damuwa ta isa a zauna a amsa ta a tsanake.

Ɗan ƙanenki bai ƙirƙiri komai ba. Hukumar kula da muhalli ta Ingila ce ta fitar da binciken a 2011, kuma adadin da yake nufi 131 ne. Ma'ana, sai an je cefane da jakar auduga sau 131 kafin rabonta na hayaƙin da ke ɗumama duniya ya sauka ƙasa da na leda mai shara-shara da aka ɗauki kaya da ita sau ɗaya aka yar. Jakar takarda sau 3 take bukata, jakar roba mai kauri da ake komawa kasuwa da ita sau 11. Ni kaina ina kawo waɗannan adadi duk lokacin da nake yi wa matasa bayani. Amma ke ma ba ki faɗi ƙarya ba. Abin da zai sasanta maganarku shi ne a san yadda aka yi lissafin, me aka sa a cikinsa, me kuma aka bari a waje.

Aikin muna kiransa lissafin rayuwar kaya. Ana bin abu ne daga zanen goyo zuwa likkafani, ana rubuta duk abin da ya ci da duk abin da ya fitar. Ɗauki baƙar ledar da mai tumatir ya ƙulla miki a Kasuwar Dole. Asalinta ɗanyen mai ne ko iskar gas da aka haƙo daga ƙasa. An tace, an mai da shi ƙwayoyin roba kamar tsabar shinkafa, kuma kowane kilo na robar nan ya fitar da kusan kilo 2 na iskar kabon kafin ma ya zama leda. An narka shi da lantarki an hura, an yanka, an loda a kamiyo, galibi daga Najeriya, ya sha gazuwal har ya iso nan. Kika riƙe ta minti ashirin daga kasuwa zuwa gida. Daga nan sai ta shiga rayuwarta ta biyu, wadda ta fi ta farko tsawo nesa ba kusa ba. Mai lissafi yana bin kowane zango da ma'auni: nawa aka ƙona, nawa aka sha na ruwa, wane hayaƙi ya tashi, wace guba ta zuba.

Ilimin ya kwana biyu. Tun 1969 kamfanin Coca-Cola ya sa aka auna masa mazuban lemo daban-daban don ya san wanne ya fi cin kaya da makamashi. Da abin ya yawaita, kowane kamfani yana fito da lissafin da ya wanke shi, sai hukumar daidaita ma'auni ta duniya ta kafa ƙa'ida mai lamba ISO 14040 a 1997, aka sabunta ta a 2006 tare da ƴar'uwarta 14044. Ƙa'idar ta ce a fara da bayyana tambayar da iyakarta, a tattara adadi, a juya adadin zuwa nau'o'in ɓarna, sannan a fassara sakamakon da gaskiya, har da faɗin inda lissafin ke da rauni. Matakin farko shi ne wanda mutane ke tsallakewa idan suna tura wa juna sakamako a salula, alhali a nan rabin amsar take.

Domin ba a auna leda ɗaya da kwando ɗaya. Wannan kamar a auna ƙwai da kaza ne. Aikin da suke yi ake aunawa. Turawan Ingila sun tambaya: me ake bukata don a kwaso cefanen wata guda daga kanti zuwa gida? Mu sai mu tambaya: me gida ɗaya a Birni ko Zango ke bukata don kawo cefanen shekara? A ƙaddara gidan yana shigo da leda biyar a rana, wanda kin san ƙasa da gaskiyar gidaje da yawa ne. A shekara leda 1,825 ke nan. Kwando kuwa guda ɗaya ne, ko biyu in ya mutu da wuri. Duk wahalar da aka sha wajen yin kwandon ana raba ta ne a kan yawan zuwansa kasuwa, shi ya sa tsawon ran kaya ke juya lissafi fiye da komai. Ko 131 ɗin nan da ya tsorata ki, duba shi da idon mai cefane. Matar da ke fita kullum za ta cika shi cikin wata huɗu da ƴan kwanaki. Wadda sai ranar Alhamis take zuwa babbar kasuwa, ita ce za ta kai shekara biyu da rabi. Baturen da ke da jakar auduga goma a rataye yana mantawa da su, shi binciken ya kama. Uwayenmu da suka riƙe kwando guda har ya tsufa a hannunsu sun wuce adadin tun ba a ƙirƙiro shi ba.

Sai kuma abin da ya fi muhimmanci a wurinki: binciken bai auna kaba ba, auduga ya auna. Auduga tana da nauyi a lissafi saboda nomanta na shan taki da maganin ƙwari, a ƙasashe da yawa kuma da ban-ruwa ake yin ta, sannan a gurza, a kaɗa zare, a saƙa, a rina, duk da injin. Riga ɗaya ta auduga ana ƙiyasta ta sha ruwa wajen lita 2,700 daga gona zuwa kanti. Tekun Aral da ke tsakiyar Asiya ya fara ƙafewa ne tun daga shekarun 1960 saboda an karkatar da kogunan da ke ciyar da shi zuwa gonakin auduga. Goriba kuwa ba wanda ya yi mata ban-ruwa, ba taki, ba feshi. Wuƙa ce ta yanko kabar, rana ta busar, yatsunku suka saƙa. Ɗora adadin auduga a kan kwandonki kuskure ne tun daga tushe.

Yanzu mu zo likkafani, inda nake so ki tsaya da ni sosai. Kowane lissafi dole ya ƙaddara inda kaya zai ƙare. Na Ingila ya ƙaddara cewa motar shara za ta zo ta kwashe ledar ta kai inda aka tanada. Akwai wani na ƙasar Danmak da ya fito a 2018, shi ma yana yawo a salula da adadi mai firgitarwa, sau 7,100 ga jakar auduga. Shi ya ƙaddara za a ƙona ledar a babbar tanda ta zamani mai tace hayaƙi, a sami lantarki da zafin ɗumama gidaje, har a rubuta wa ledar lada a kan haka. Kuma duka biyun ba su sa ledar da aka watsar a titi cikin lissafinsu ba. Masu binciken Danmak sun faɗi haka da bakinsu a cikin rahoton. A ƙasarsu wannan zato yana da hujja. To, a Damagaram ina leda ke zuwa?

Ki tsaya a bakin gari bayan iskar bazara ki dubi ƙaya da geza, kowane reshe da baƙar tutarsa. Wadda ba ta maƙale a ƙaya ba tana cikin magudanar ruwa, ta haɗu da yashi ta toshe hanya, ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi a watan Agusta ruwan ya rasa mafita ya koma gindin katangar laka. Wata ta faɗa tafkunan cikin gari, ta riƙe ruwa a lunguna inda sauro ke ƙyanƙyasa. Wata tana juji, manomi ya zo da amalanke ya kwashi shara a matsayin taki kamar yadda kakanninsa suka yi, sai dai sharar kakanninsa toka ce da kashin awaki da ɓawon gyaɗa, tasa kuwa rabi leda ce, ya baza a gona, ta hana ruwa shiga ƙasa, ta naɗe saiwar hatsi. Wata an kunna mata wuta da magariba a ƙofar gida, ko an hura gawayi da ita a madafa, yara na zaune. Kilo ɗaya na leda in ya ƙone yana fitar da kusan kilo 3 na iskar kabon, kuma wutar juji ba ta da zafin da zai cinye hayaƙin, ga shi ana haɗa ta da tsofaffin takalman roba da guntayen tiyo masu sinadarin kulorin, waɗanda ke haifar da guba mai suna dayoksin.

Sauran kuma dabbobi ne ke cinye ta. Na taɓa tsayawa a mahauta da sassafe ina kallo aka farke tumbin wata saniya da ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta. Mahaucin ya sa hannu biyu ya zaro wani dunƙule baƙi mai tauri, leda da igiya da tsumma sun murɗe sun zama abu guda, ya fi kan mutum girma. Bai ko yi mamaki ba, ya jefar gefe ya ci gaba da aikinsa, domin ya saba. Ni kuwa ban manta ba. Dabbar tana jin cikinta a cike, ta daina kiwo, nono ya ƙafe, ta rame a tsaye mai ita yana ta sayen dussa da magani. Akuyar da bazawara ke kiwo don kuɗin makarantar ɗanta, in leda ta kashe ta, wannan asara ba ta da layi a takardar Danmak, domin a Kopenhagen awaki ba sa kiwo a juji. A takardarmu kuwa layinta na sama. Ba don wasa ba Nijar ta kafa doka mai lamba 2014-63 a watan Nuwamba na 2014, wadda ta hana ƙerawa da shigowa da sayar da irin wannan leda. Ruwanda ta hana tun 2008, Kenya a 2017, kuma su sun tsaya a kan tasu. Tamu tana rubuce, leda kuwa tana kasuwa, kuma wannan yana ci mini rai.

Wani abu game da 7,100 ɗin nan. A cikin rahoton guda, in hayaƙin ɗumamar duniya kaɗai aka duba, adadin jakar auduga 52 ne. Ya haura dubu bakwai ne da aka ɗauki ma'auni mafi tsanani cikin fiye da goma da suka auna, wato na illa ga rufin ozon, iskar da ke can sama tana tare mana mugun hasken rana. Kin ga kaya guda, rahoto guda, amsa biyu masu nisan sama da ƙasa. Haka lissafin yake. Yana ba ki ɓarna iri-iri, kowace a ma'auninta: ta hayaƙi, ta ruwa, ta guba, ta ƙasar noma, ta lafiyar mutum. Ba a tara lita da kilo a sami jimla. Wanda zai ce wannan ta fi waccan nauyi mutum ne, kuma mutum daga wani gari yake.

Mu garinmu ruwa ne ciwonsa. Damagaram a kan dutse take zaune, kuma ƙarancin ruwa na cikin dalilan da suka sa Faransawa suka ɗauke babban birni daga nan zuwa Yamai a 1926. Har yau daga nesa ake turo mana shi, daga Gogo da Machaya, daga Arunguza da Ganaram, kuma duk wanda ya yi layin bido a watan Afrilu da Mayu ya san lita ɗaya a nan ba ɗaya take da lita a ƙasar da ake ruwa shekara zagaye ba. Masu lissafi na yanzu sun gane haka, suna ninka ruwan da aka sha gwargwadon ƙarancinsa a wurin da aka sha shi. Amma rumbunan adadin da ake aiki da su, irin babban nan na Suwizalan mai suna ecoinvent, mafi yawan abin da ke cikinsu daga masana'antun Turai da Amurka da Sin aka tattaro. Ɗalibin da ya buɗe kwamfuta ya danna ba tare da ya gyara zaton da ke ciki ba, amsar wani gari zai samu da sunan namu.

To Hajiya, tunda gaskiya kika nema, bari in juya ma'aunin kan kwandonki, don shi ma yana da nasa bashin.

Na farko yana wurin yankan. Kaba ganyen ƙaramar goriba ce. In ana aske ta kowace shekara har zuciya, ba za ta taɓa tashi ta zama itaciya ba, za ta dawwama a tsugune, ba ƴaƴa, ba inuwa, ba iri na gobe. A kwarin Gulbin Kaba da ke jihar Maradi an ga wannan ƙarara, har ya sa aka shiga tsara yadda za a riƙa yanka ana barin wasu su girma. Ku da kuke saye a ɗaure a kasuwa, ku tambayi masu kawo muku daga ina, kuma yaya suke yanka. Wanda ke ɗaukar ganyen gefe ya bar na tsakiya, ya kuma keɓe wasu tushe ya bar su su miƙe, shi ya cancanci cinikinku ko da ɗaurinsa ya ɗara tsada kaɗan. Na biyu rini ne. Galurar kanti da ake tafasawa a zubar da ruwanta a lungu tana da nata lissafin, ga itacen da aka ƙona wajen tafasawar. Na uku, na ga wasu sun fara cusa zaren leda mai launi cikin saƙar don ado. Ina roƙonku ku bari. Kwandon kaba zalla in ya mutu akuya ta ci ba abin da zai same ta, a juji ya ruɓe ya zama taki. Da zarar an sa masa zaren roba an ɓata masa wannan kyakkyawan ƙarshe, wanda shi ne babban abin da ya fi leda da shi.

Na huɗu shi ne mafi girma, kuma ba a hannunku kaɗai yake ba. Ki leƙa cikin kwandon matar da ta dawo daga kasuwa. Tumatir a ledarsa, tattasai a tasa, gishiri, daddawa, kuka, man gyaɗa an ƙulla a leda biyu don kada ya zuba, nama a baƙa an sake sa shi a fara. In haka ne, leda ɗaya tak kwandon ya kora, babbar da ake haɗa su a ciki, sauran tara sun shigo gida a kan kwando. Lissafin 1,825 da muka yi ɗazu bai ragu da abin kirki ba. Kwando yana cin nasara ne ranar da ya fita da kwalbar mai da kwanon nama mai murfi da ɗan ƙyallen ƙulla gishiri, aka zuba tumatir da albasa a cikinsa tsirara. Don haka in kuna wa'azin kwando, ku haɗa da wannan, in ba haka ba za a sayi kwandon a ci gaba da tara leda.

Kuma kada ki yi faɗa da jakar da tela ya ɗinka daga tsohon buhun shinkafa. Roba ce, gaskiya, amma buhun ya riga ya gama aikin da aka yi shi dominsa, abin da aka ƙara masa zare ne da ɗinki, ga ƙarko. A lissafi tana da sauƙi ƙwarai, abokiyar tafiyarku ce. Wadda za ki yi hattara da ita ita ce ledar da ake rubuta wa "mai ruɓewa". Da yawa cikinsu roba ce ta kullum da aka sa wa sinadarin da ke sa rana ta farfasa ta. Ido ya daina ganinta, amma tana nan ta zama gari a cikin ƙasa da ruwa. Tarayyar Turai ta hana irin wannan tun 2021.

Ina so ki ga cewa lissafin nan ba ya goyon bayan na gargajiya don kawai na gargajiya ne, ba ya kuma goyon na zamani. Dubi girki. Gaz ɗin da ke fitowa daga matatar SORAZ, wadda ta fara aiki a 2011 a hanyar Tanut, daga man Agadem yake, hayaƙinsa sabon kabon ne da aka tono daga ƙarƙashin ƙasa. Mai ji daga nesa zai ce itace ya fi shi. Amma murhun duwatsu uku kusan kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na zafin itacen kaɗai yake kai wa tukunya, gawayi kuma sai an ƙona kilo 5 zuwa 10 na itace a rami kafin a sami kilo ɗaya. Ga hayaƙin madafa, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a duniya a 2020, kuma mata da yaran da ke goye su suka fi shaƙarsa. In itacen daga dajin da ake sarewa ba ya komawa aka kawo shi, gaz ya fi shi sauƙi. In kuwa sassaben reshen gawo ne daga gonakin Magarya da Matamai da Mirya, inda manoma suka raya itatuwa da hannunsu har yankin nan da na Maradi suka farfaɗo da wajen eka ta Faransa (hekta) miliyan 5, to itacen yana komawa, kuma abin da ya rage a gyara murhun ne. Icce iri ɗaya a wuta, lissafi biyu, gwargwadon inda aka saro shi.

Haka farantin sola da ya cika rufin gidaje. Shi kansa farantin, a rana irin tamu, cikin shekara ɗaya zuwa biyu yake biyan makamashin da aka kashe wajen ƙera shi, sannan ya yi aiki shekara 25 ko fiye. Matsalar tana ƙasa, a batirin da ke kusurwar ɗaki. Na dalma ne, zafinmu yana gajarta ransa, cikin ƴan shekaru ya mutu a sayar wa mai gwangwan. In aka fasa shi da gatari, aka zubar da ruwansa a ƙasa, aka narka dalmar a fili, ƙurarta tana shiga jinin yara ta taɓa ƙwaƙwalwa, kuma ba ta gyaruwa. A unguwar Tiyaroy da ke gefen Dakar yara 18 suka mutu tsakanin 2007 da 2008 saboda wannan sana'a. Wanda ya tsaya a rufin ɗaki zai ce sola ba ta da aibi. Sai an bi ta har likkafani ake ganin inda za a sa ido.

Ko randar Mirya da ruwan leda, in kika auna su, randa tana sanyaya ruwa ba lantarki, ta yi shekaru, ta fashe ta koma ƙasa. Amma in kowa na tsoma moɗa da hannu a cikinta, ciwon cikin yara ma ɓarna ce da ake rubutawa. Randa mai murfi da famfo a gindi ta rufe wannan ƙofa.

Ga abin da nake ba ku shawara ku yi da hannunku, ba sai da kwamfuta ba. Ku sami gidaje goma cikin masu sayen kayanku da suka yarda. Mako guda su tara duk ledar da ta shigo gidan a buhu, ku ƙirga, ku auna a sikelin mai nama. Sannan su fara fita da kwando da kwalba da kwano, bayan wata guda ku sake ƙirgawa. A gindin kowane kwando ku sa alamar watan da aka sayar da shi, ranar da ya mutu a gaya muku, kuma a gaya muku ta ina ya mutu. Ina kyautata zaton za ku tarar hannu ne da gindi. In haka ne, ku ninka saƙar gindin, ku kai wa dukawa su sa hannun fata, wadda majemanmu suka jeme da bagaruwa. Fatar akuyar da aka yanka don nama ce, kasonta na ɓarna kaɗan ne, kuma in ta mai da ran kwando daga shekara ɗaya zuwa uku ta raba duk bashinsa gida uku. Ku kuma karɓi gyara: wadda hannun kwandonta ya tsinke ta kawo a ɗinke mata da ɗan abin da ya sauƙaƙa.

A kan kwandon kada ku rubuta "ba ya ɓata muhalli", domin ba kayan da ba ya taɓa komai, kuma ranar da wani mai ilimi ya ƙure ku a kan kalma ɗaya zai zubar muku da sauran. Ku faɗi abin da kuka ƙirga: kaba zalla ce, daga wuri kaza aka yanko, yana kai wata kaza, gidan da ya riƙe shi ya rage leda kaza a mako.

Shi kuma ɗan ƙanenki, ki gaishe shi, ki ce na yaba da ya kawo miki maganar maimakon ya yi shiru. Ki ce ya koma ya buɗe rahoton kansa, ya nemo shafin da aka rubuta inda aka ƙaddara ledar za ta ƙare, ya karanta miki da Hausa. In a Jami'ar André Salifou yake, ga aikin kammala karatu a ƙofar gidan gwaggonsa: ya ɗauki sikeli da littafi ya bi gidajen nan goma tare da ku, ya je mahauta ya roƙi mahauta su bar shi ya auna abin da ake zarowa daga tumbi har wata uku, ya bi masu kaba zuwa inda suke yanka ya ƙirga tushe nawa aka bari su tashi. In ya tattara, ya zo mu zauna in nuna masa yadda ake jera su a ma'auni.